Injin Shinkafa da Matan Tsakar Gidana

Hadejia,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga autana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki. Na cusa ta a jakarka tare da ƙullin yaji da busasshen kifi, don na san ba za ka buɗe ba sai ka isa Abuja ka huta. Haka nake so. In na zaunar da kai, sai ka sunkuyar da kai kana "to Inna, to Inna," alhali rabin hankalinka yana kan waya. Takarda kuwa ba ta gaggawa. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, sai ka yi haƙuri da shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne hirar da muka yi ranar da aka ce an ɗauke ka aiki. Ka ce mini a wurin da za ka, aikinku shi ne ku zauna ku tsara yadda jama'a za su rayu idan injuna da kwamfuta suka karɓe sana'o'in da mutane ke ci da su. Ka ce abin ya riga ya soma, yana tafe kan akawu da direba da mai awo, kuma a ganinka maganinsa ba wuya: inji ya yi aiki, a tara abin da ya samo, a riƙa ba kowa abin da zai ci duk wata, kowa ya huta. Na ce Allah Ya taimaka, ban ƙara ba. Amma tun ranar nake juya maganar, domin abin da za ku yi wa ƙasa, ni na taɓa yin ƙaraminsa a tsakar gidan nan, kuma na yi tuntuɓe a wuraren da ba na so ka yi. Lokacin kana makarantar kwana. Abin da ka sani kawai shi ne ka dawo hutu ka tarar da inji yana ruri a inda da mata suke zama.

Ka dai tuna yadda gidan yake kana ƙarami. Ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, a hannun manoman fadama, babanku ma yana kawo tasa. Mu jiƙa, mu turara a manyan tukwane, mu shanya har ƙofar gida, a kai ƙaramin injin bakin kasuwa ya ɓare, a dawo da ita a bakace, a tsince tsakuwa da hannu. Wannan aiki na ƙarshe shi ne mai cin mutane, kuma mata ne ke yinsa, yawancinsu waɗanda mazansu suka rasu, ko suka tsufa, ko suka tafi kudu neman abinci. Babbarsu Yagana ce, wadda kuke kira Iya Gana. Unguwa ɗaya muka tashi, kakanninta daga wajen tafkin Cadi suka zo, ta ɗan girme ni. Bayan na je Makka kowa ya koma kirana Hajiya, ita kaɗai ta ci gaba da ce mini Abu kamar yadda ta saba tun muna ɗaukar talla. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, kuma da faifan bakace ta rene su a tsakar gidan nan.

Ba zan yi maka ƙarya in ce aikin yana da daɗi ba. Ƙaiƙayi yana shiga ido da ƙirji, babu wadda ba ta tari a cikinsu, kuma mace ta wuni a duƙe tana tsintar tsakuwa, in ta tashi sai ta dafa bango kafin bayanta ya miƙe. Duk wanda ya ce maka a bar mutane da irin wannan wahala don kawai sun saba, bai taɓa yin ta ba. Saboda haka kada ka ɗauka ina cewa inji mugun abu ne. Ni ma da dalili na saye shi. Masu sayen shinkafata daga Kano sun fara ƙorafin tsakuwa, ga ta kamfani tana shigowa kasuwa fara tas a buhu mai kyau. Na ga in ban motsa ba, ni da matan duk za mu zauna. Sai na sayar da shanuna da ke wurin kiwo, na aika a kawo mini inji mai ɓarewa, ya hure ɓuntu, ya fitar da tsakuwa duk a tafiya ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne ban gaya musu ba. Na gaya wa babanku, na gaya wa dillalina, har mai gini ya sani, amma waɗanda abin zai faɗa a kansu ban ce musu uffan ba. Na ce wa kaina kunya ce ta hana ni. Gaskiyar ita ce ina tsoron in sun ji su watse kafin a gama aikin kaka, shinkafa ta lalace mini. Da aka fara gina ɗakin da za a girke injin, su ne suka riƙa ɗebo wa magina ruwa ba tare da na roƙe su ba. Yagana ta tambaye ni ɗakin mene ne, na ce sito ne.

Ranar da mota ta kawo shi, wanda ya zo haɗawa ya juye buhu guda don gwaji. Kafin mutum ya yi alwala ya idar da salla, shinkafa ta fito a ɗaya gefen, aikin da mata sukan wuni a kai. Matan suna tsaye da faifai a hannu. Yagana ta matso ta ɗebi tafi guda, ta baza a hannunta, ta duba da kyau yadda takan duba tasu. Ta ce, "Ta fi tamu kyau. Allah Ya sa albarka, Hajiya." Tun muna yara ba ta taɓa kirana haka ba.

Bukar, duk abin da za ku shirya, wanda zai rasa abincinsa shi ya kamata ya fara ji, tun da sauran lokaci, kuma daga bakinku, ba daga ƙarar mota ba. Da na gaya musu tun da damina, da wata ta riƙe 'yar akuyarta ba ta sayar ba, da wata ta nemi wurin wanke-wanke, da wata ba ta sa ranar bikin 'yarta a kan kuɗin da ba za su zo ba. Na ƙwace musu wannan damar, kuma ita ta fi aikin kansa tsada. In ka ji manyanka suna cewa kada a faɗa tukuna don kada hankalin mutane ya tashi, ka duba da kyau, sau da yawa nasu hankalin suke karewa.

Inji ba ya buƙatar fiye da maza biyu, mai kunnawa da mai ɗaukar buhu. Na riƙe mata kaɗan don turara, sauran na sallame su. Na so in riƙe Yagana a cikin masu turara, ta ce a ba wata mai ƙananan yara. Zuciyata ba ta kwanta ba, sai na yi abin da na ɗauka alheri ne. Na aika musu cewa duk Juma'a kowace ta zo ta karɓi kwanon shinkafa, ba sai ta yi aikin komai ba. Ka ga ai kusan irin shawararka ce. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har mutane suna yabona a unguwa.

Suka riƙa zuwa da hantsi su tsaya a zaure. Matan da da suke shigowa ba sallama, su buɗe tukunyata su ɗanɗana miya su ce gishiri ya yi kaɗan, su ne yanzu suke jira a yi musu izini, su durƙusa su miƙo kwarya, su yi godiya da addu'a mai tsawo. In wata ta makara sai ta kama ba ni haƙuri. Na fara lura cewa in ina da baƙi ba sa shigowa, sai baƙin sun tafi. Ni ma na canza ban sani ba. Wata Juma'a na ji bakina yana tambayar wata daga cikinsu me ya sa na ga ta yi sabon zane, tunda tana karɓar taimako. Ta sunkuyar da kai ta ce 'yarta ce ta aiko mata. Yagana kuwa sau ɗaya ta zo. Da na aika mata da nata gida, ta dawo da shi, ta ce a gaishe ni, tana da sauran na wancan makon. Na san ba ta da shi.

Ban ce kada a ba mutane abin da za su ci ba. Mai yunwa ba ya jiran a gama shawara, kuma kwanon nan ya riƙe gidaje da dama. Amma akwai bambanci tsakanin abin da aka ba ka da abin da yake naka. Ka ga ranar su, wato kamun kifin gayya, a fadama, in aka buɗe ruwa kowa ya shiga da komarsa, wanda ya fito da kifi ba ya durƙusa wa kowa, domin kogin na kowa ne. Magaji ma in ya karɓi gadonsa ba ya cewa an yi masa alfarma. In za ku ba mutane rabo daga abin da injuna suka samo, ku tsara shi ya zama haƙƙinsu, wanda babu mai iya hana su don ya ga sun yi sabon zane ko don sun ƙi gaishe shi. In ya zama kyauta ce da ke hannun mutum ɗaya, komai kirkinsa, wata rana zai fara leƙa tukunyarsu. Ni mai son matan nan ce, kuma sai da na leƙa.

Da na ga kwanon Juma'a bai wanke mini zuciya ba, sai na ce bari in ba su sana'a. Na je Kano sayayya na ga injin murza taliya, ƙarami na hannu, na sayo wa kowace ɗaya. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Na tara su na raba, na yi musu jawabi a kan dogaro da kai, ni da ban taɓa murza taliya ba. Cikin mako guda igiyoyin shanya na unguwar nan duk taliya ce. Kowace tana da ita, babu mai saye, don maƙwabciyar da za ta saya ita ma tata take shanyawa. Wasu suka ci jarin, wasu suka sayar da injin a rabin kuɗinsa, ni kuma na riƙa cewa ba su da himma. Sai daga baya na ji ashe wata ta iya daddawa tun a gidan uwarta, wata ta iya bandar kifi, wata unguwarzoma ce ta gaske. Da na tambaya, da kowace ta gaya mini abin da hannunta ya sani. Za ku zauna a ofis da kyakkyawar niyya ku ce bari mu koya wa waɗanda suka rasa aiki sabuwar sana'a. Kafin ku sayo musu komai, ka taso ka zo ka zauna a tabarmarsu. Ba sai ka yi magana da yawa ba.

Akwai kuma abin da ban lissafa ba ko kaɗan, wato masu ci a gefen aikin. Akwai Dudu, Bafillatanar da ke kawo nono daga rugarsu ta wajen Baturiya. Da takan sauke ƙwaryarta a nan, kafin azahar ta sayar ta ɗauki dusa ta koma. Bayan matan sun watse ta zo 'yan kwanaki, ta ga babu mai saye, ta daina biyowa. Mai ƙosan ƙofar gida ta tashi. Adashin da suke yi ya mutu. Da a tsakar gidan nan ake jin wa ba shi da lafiya, wa ta haihu, gidan wa ba a ɗora tukunya ba jiya, kuma kafin la'asar an san yadda za a yi. Babu wanda ya tsara haka, zama tare ne ya kawo. Da zaman ya watse, sai ka ji an yi rasuwa a bayan layi sai bayan an kai. Ni na ɗauka don ladan da nake biyansu kaɗai suke zuwa, ashe wurin haɗuwa na rushe.

Ana cikin haka Yagana ta kulle ɗakinta ta koma Birniwa wurin ƙanenta. Ba ta yi mini sallama ba, a bakin mutane na ji. Na yi fushi, na ce ni da na yi mata alheri ta ƙi karɓa, me kuma take so. Kasuwa kuwa ta buɗe mini. Shinkafata ta shiga Kano da Gashuwa, na mayar da shanuna har da ƙari. Da ribar injin nan aka biya maka jami'a, da ita aka saya maka kwamfutarka ta farko. Ba don ka ji nauyi na faɗa ba. Na faɗa ne don ka san karatun da za ka je ka yi aiki da shi, akwai faifan wasu a ƙarƙashinsa.

Abin da na yi a gida, shi manyan manoma suka yi a fadama. Injin girbi ya shigo, yana yanka yana sussuka yana zubawa a buhu. Samarin da ke yankan shinkafa da bugu a jikin ganga suka rasa abin yi da kaka, suka bi motoci zuwa birane. Su ne kuwa da suke fitowa gayya su shiga ruwa su sare kacalla, ciyawar nan da ke toshe hanyar kogi, su ne suke ɗaga jingar da ke tare kogi kafin ruwa ya cika. Babu mai biyansu wannan, suna yi ne don suna gari. Babanku ya sha faɗa cewa hanyar ruwa tana cushewa, amma in aka kira gayya sai tsofaffi su fito. Shekarar da ruwa ya zo da ƙarfi, bai sami hanya ba, ya fasa jinga ya kwanta a kan gonaki. Ta babanku tana gab da nuna. Ya je ya tsaya a bakin ruwan ya dawo gida, bayan kwana kaɗan ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Ka zo ka gan shi ka koma makaranta, don shi ya nuna da hannu cewa ka koma. Yayyenka suna gidajen aurensu a nesa, sukan zo su kwana biyu su tafi. Sai ni da shi. A lokacin na san abin da na yi wa kaina. Ina da kuɗin magani, ina da inji yana ruri a waje, amma ba ni da wanda zai kama mini mu juya shi, ko ya zauna da shi in runtsa. Lokacin da na haife ka na yi jinya mai tsawo, ban san yadda aka yi gidan ya tafi ba, matan nan ne suka ɗauke komai, har da goyonka. Yanzu kuwa in na leƙa tsakar gida, sai buhuna.

Wata ranar kasuwa ina tsugune ina wanke zannuwan shimfiɗarsa, na ji an ajiye ƙunshi a bayana. Yagana ce, ta rame, ƙurar mota a fuskarta. Ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta leƙa ɗaki ta yi wa babanku sannu, ta fito ta naɗe hannun riga ta ja bokiti ɗaya gabanta. Muka yi ta wanki tare. Da muka zo matsa babban bargo, ta kama baki ɗaya na kama ɗaya, sai na ce mata ta yafe mini, na kawo abin da ya raba ta da abincinta.

Ta ce, "Ba injin ne ya kore ni ba, Abu. Ni ma bayana ya gaji. Da kin ce mini ga abin da ke tafe, da ni zan share masa wuri. Amma kika ce mini sito ne. Sannan kika sa ni layi a zauren gidan da na yi wa 'ya'yansa wanka."

Sai hawaye suka zubo mini. Ta ce in bar kuka in murɗa, bargon yana ɗiga.

Ta zauna da mu har ƙarshen jinyar. Ita ta ce in kira matan, amma wannan karon in rufe bakina. Na kira su, waɗanda suke gari suka zo. Da farko sai godiya suke yi, har sai da Yagana ta fara faɗin nata a gabansu, sannan bakuna suka buɗe. Na ji maganganun da ban taɓa zaton suna cikinsu ba, wasu da gaskiya, wasu har da ƙari, na haɗiye duka. Ba a gama a zama ɗaya ba, an yi ta dawowa. Abin da aka tsaya a kai shi ne, wasu ranaku na mako injin nasu ne. Kowace ta sayi 'yar shansherarta, ta turara a gida, ta kawo a gyara mata, man inji kaɗai za ta biya, ta sayar da abinta da kanta. Sannan duk buhun da ya bi ta cikin injin, nawa ne ko na wani, ana ɗibar kwano a zuba a rumbu guda. Rumbun ba nawa ba ne. Mabuɗinsa yana hannun waɗanda suka zaɓa, ni murya ɗaya gare ni kamar kowa, kuma an sha kayar da ni.

Abin da suka yi da rumbun ya ba ni mamaki. Na ɗauka rabawa za su yi. Sun raba wani abu, amma suka ce duk wadda ta zauna jinyar wani a unguwa, ko ta karɓi haihuwa, ko ta riƙe 'ya'yan wadda ta tafi asibiti, a auna mata daga ciki, don ita ma aiki ta yi. Da rani kuma suka aika wa masu unguwa cewa in za a fita saran kacalla, abinci nasu ne, kuma duk wanda ya shiga ruwa zai koma gida da awo. Samari suka fito, har da wasu da suka dawo daga birni don sun ji. A nan na gane cewa aiki bai ƙare a duniya ba, Bukar. Wanda ake biya ne ya ragu. Ga kogi yana son hannu, ga tsofaffi, ga marasa lafiya, ga yara, ga itatuwan da aka sare ba a dasa ba. Duk aikin da gari ba ya rayuwa sai da shi yana nan jibge, an dai saba a bar wa mata da masu haƙuri su yi a kyauta. In injuna za su tara dukiya, to ga inda za a kai ta.

Kada ka ɗauka komai ya gyaru. Ribata ta ragu sosai, har dillalina ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ana faɗa a kan layin inji, an taɓa zargin juna a kan rumbu har aka yi wata guda ba a gaisawa. Wasu kuma ba su dawo ba. Akwai Ladidi, mai yawan dariya, wadda takan ba ka ƙanzo in ka dawo daga makarantar allo. Tun lokacin taliya ta tafi Kano aikatau da furfurarta, a can ciwo ya kama ta, a can aka binne ta cikin mutanen da ba su san sunan ubanta ba. Gyaran da muka yi bai same ta ba. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu, domin ku in kuka yi kuskure ba tsakar gida ɗaya zai ci ba, kuma gyara yakan zo bayan wasu sun riga sun tafi.

Game da hutun da ka ce kowa zai samu, na ga shi ma, kuma yana da kyau in mutum yana da inda zai kai shi. Yanzu matan sukan gama da wuri. Sun sa an yi rumfa a inda muke shanya da, wasu suna ɗaukar karatu a wurin wata malama da la'asar, wasu suna kitso, wasu hira kawai suke yi, Dudu ma ta dawo da ƙwaryarta. Amma hutun wanda yake da wurin zuwa da safe daban yake da zaman wanda babu mai nemansa. Na ga duka biyun a fuskokin mutane ɗaya. In kuna zana garin gobe, ku bar wa mutane inda za su haɗu, da dalilin da zai sa wani ya tambaya in bai ga wani ba.

Saura kai kanka. Ka ce mini kwamfuta tana koyon aikin masu ilimi ma. To wata rana tana iya koyon naka. In hakan ta faru, kada ka ɓoye mini, kada ka zauna a ɗakin haya kana jin kunyar dawowa. Ban haife ka don albashi ba. Babanku ya yi ƙarshen rayuwarsa ba ya iya ɗaga cokali, kuma bai ragu da komai a idon kowa a gidan nan ba, har ranar da Allah Ya karɓi abinsa. Ka riƙe wannan game da kanka, sai ka iya riƙe shi game da mutanen da za ka gani a rubuce a takardun ofis.

Jiya na je gaida Iya Gana, idonta ya yi rauni yanzu, ba ta fita sosai. Na gaya mata irin aikin da ka samu, na yi mata bayani iyakar fahimtata. Ta ja carbinta, sannan ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, kuma in ce maka, in manyanka za su yi rabon, su kira mu tun ana fiɗa, kada su bari sai an kai ƙashi. Na ce zan rubuta maka yadda ta faɗa, ga shi na rubuta.

Ka kula da salla a kan lokacinta. Ka ci abinci, kada aiki ya sa ka wuni da shayi. Ka gaida maƙwabtanka tun ranar farko, kada ka jira sai kana da buƙata. Yayyenka suna gaishe ka, matan rumfa ma sun ce a gaishe ka, kowace da sunanta.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga zaluntar wani da saninka ko ba da saninka ba, Ya sa hannunka ya zama sanadin rufin asirin bayinsa. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Ya dawo mini da kai lafiya, in kuma ba mu gana ba, na yafe maka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Zainabu.